Sawun Baro a Gidan Alƙali

Da farko da labari ya bazu cewa an sace giya a gidan marigayi Alƙali, mutanen layin dariya suka yi. Mai shagon bakin titi har cewa ya yi ashe Alƙali ma yana ɗan taɓawa. Sai da aka yi musu bayani cewa ba ta kwalba ba ce, ta mota ce: giyabos ɗin tsohuwar baƙar motar nan da ta shekara goma sha tara tana barci a garejin gidan. Nan dariya ta koma ƙus-ƙus, ƙus-ƙus ya koma nuni da baki, kuma duk bakin mutum ɗaya ya nufa, wani bakanike da ake kira Sifana.

Dalilin a fili yake. Ba a fasa kwaɗo ba. Makullin garejin biyu ne, ɗaya a ɗakin Hajiya matar marigayin, ɗaya a aljihun Sifana, wanda babban ɗan gidan ya ɗauko don ya tayar da motar. Gidan adana kayan tarihi ne suka nemi a ba su ita da sunan Alƙali, amma suka ce sai tana tafiya da ƙafarta. Ranar Talata Sifana ya sauke giyabos ɗin ya ɗora a benci. Ranar Laraba da rana mutanen gidan duka suka raka Hajiya asibitin ido, shi kuma ya tafi kasuwar kayan gyara. Da la'asar aka buɗe gareji, benci wayam.

Ƙanwar babban ɗan, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ita ce ta aika aka kira Mai-Sawu.

* * *

Ya iso washegari da hantsi, riƙe da wata siririyar sanda wadda ba don dogarawa yake yawo da ita ba, don nuni. Gajeren tsoho ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓatattun shanu tare da kawunsa, ya yi shekara talatin yana gadin gandun daji, da ya aje aiki kuma sai ya zamana duk wanda aka yi wa ɗauke-ɗauke shi yake fara nema. Yakan ce ƙasa ba ta iya ƙarya ba, sai dai mutane su tattake mata baki.

A garejin kuwa an tattake mata shi sarai. 'Yan jaje da 'yan kallo sun yi ta shiga da fita tun jiya.

"Baba, ni ban ga abin wahalar da kai ba," in ji Babban Yaya, ɗan farin Alƙali. "Ƙanwata ce ta dage. Mutum da makulli a hannu, kaya ya ɓace, kwaɗo lafiya lau. Kuma ka ji wayonsa, tun ranar Talata ya fara share fage, wai shi giyar nan kamar ba ta motar ba ce, wai zai kankare lambarta ya duba. Motar da mahaifina bai taɓa yarda an kwance mata noti ɗaya ba!"

"A gaban wa ya faɗi haka?"

"A gaban kowa. Ni, Hajiya, ƙanwata, har da Baba Direba, tsohon direbanmu, da ya zo ganin motarsa ta da. Na ba shi zuwa gobe. In bai fito da ita ba 'yan sanda ne, kuma ƙungiyarsu ta kanikawa ta ce za ta karɓe masa rumfa."

Mai-Sawu ya matsa kusa da bencin. Ya ɗaga kai ya dubi sarƙar ɗaga inji da ke rataye a saman bencin, sannan ya zare sakatar ƙaramar ƙofar baya. Lungu ne na ƙasa, ba kowa ke binsa ba. Nan ya tsuguna.

Tayar baro ce, ta nutse sosai, ga ɗigon jan mai yana biye da ita. Sawun mai turawar silifas ne irin wanda rabin gari ke sawa, ba zai gaya maka komai ba. Abin da ya tsayar da shi ramuka ne biyu ƙanana a gefe da gefen layin tayar, inda ƙafafun baron suka sauka. An aje, an huta. Ya ƙirga taku: goma sha biyu, wasu ramukan. Goma, wasu. Tara. Bakwai.

Malama na biye da shi a hankali, don ƙafarta ta hagu ba ta ɗagawa sosai, ja take yi. Ta ga ya kalli layin da takalminta ke bari a ƙasa, sai ta yi murmushi.

"Ni kam ba zan iya sata ba, Baba, nan take za ka kama ni. Tun ina shekara uku ne. Daga bene na faɗo, mai rainona ta yi sakaci."

"Allah ya sa kaffara ne. Me ya sa kika tsaya wa bakaniken nan?"

"Shekara goma yana gyara min mota. Ko waya na manta a ciki sai ya biyo ni da ita makaranta. Mutum ba ya canja hali rana ɗaya."

"Yakan canja," in ji Mai-Sawu. "Amma ba ya canja ƙarfi. Sifanan naku shekararsa nawa?"

"Bai fi talatin da biyar ba. Ƙato ne."

Ya sake duban ramukan. Ƙato ba ya hutawa bayan taku bakwai. Kuma wanda ke tsoron a gan shi ba ya tsayawa shan iska da rana tsaka da kayan sata a gabansa, sai in mutanen lungun sun saba ganinsa har sun daina ganinsa. A bakin kwalta sawun ya ɓace.

* * *

Suna nan tsaye sai hayaniya ta tashi a tsallaken titi. Filin Mai-Gwangwan ne, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Wasu masu zafin kai sun kutsa sun birkice masa kaya, sun jawo wani giyabos daga ƙarƙashin tulin rodi. Ga baro a gefe, ga Mai-Gwangwan an riƙe masa wuyan riga yana rantse-rantse.

"Ga ta nan! Dama tare suke ci, wannan ya sato, wannan ya saya!"

Wani kuma ya ce a'a, ƙila Sifana ba shi da hannu, ai masu gwangwan sun iya buɗe kwaɗo da waya. Aka ingizo Sifana gaba. Idanunsa sun yi ja, da gani bai runtsa ba. Mai-Sawu ya matsa kusa, ba ƙarfen yake kallo ba, fuskar yake kallo. Kalma ɗaya ce tsakanin bakaniken da kuɓuta. In ya ce ita ce, amma shi bai san yadda ta zo nan ba, rabin jama'ar za su sake shi su koma kan Mai-Gwangwan.

Sifana ya juya ƙarfen da ƙafa, ya yi tsaki.

"Ku sake shi. Wannan ta motar zamani ce, ba ku ga soket ɗin wayoyi a jikinta ba? Lokacin da aka ƙera waccan, uban wanda ya ƙera wannan ma bai yi wayo ba."

"Kana kare abokin cin mushenka ne!"

"Ku ce abin da kuka ga dama. Ba ita ba ce."

Mai-Sawu ya duba tayar baron Mai-Gwangwan. Ta ƙarfe ce, siririya. Ta lungun kuwa ta roba ce mai faɗi. Ya nuna musu da sanda, aka saki rigar mutumin, kowa ya kama gabansa yana gunaguni kamar an ƙwace masa abinci a baki.

"Zo ka nuna min motar nan," ya ce wa Sifana. "Ni sawun dabba na sani. Na ƙarfe sai ka karanta min."

* * *

Motar na ɗage a kan jak, doguwa, mai ƙaton goshi kamar na bijimi. Sifana ya buɗe ƙofar direba, sai muryarsa ta canja, ya manta da cewa shi ake tuhuma.

"Baba, irin waɗannan su ne na farko-farko da aka koya wa mota ta canja giya da kanta. Dubi ƙasa, ba kuloci, totur ne da birki kawai. Yanzu dubi nan." Ya nuna wani ɗan gilashi a saman sitiyari, da allura a ciki da haruffa. "Ƙirga."

"Huɗu."

"Yauwa. Na tsayuwa, na tafiya, na hawan tudu, sai ribas can ƙarshe. Babu na fakin. A lokacin ba a kai ga wannan dabarar ba. In ka tsaya ka kashe inji, ribas za ka jefa ta, shi ke riƙe motar. To wadda na sauke ranar Talata, na kama hannunta na ja ina ƙirgawa, ƙwas, ƙwas, har biyar. Na ce ikon Allah. Na ɗauko wannan." Ya zaro wani ɗan mayen ƙarfe daga aljihu. "Ta asalin zubin baƙin ƙarfe ce, nauyi kamar gawar jaki, in ka kara mata wannan sai ka yi da gaske kafin ka ɓamɓare. Wannan kuwa na kara ya faɗo ƙasa. Alminiyom ce. Kuma ta asalin tana da murfi a haƙarƙari, wannan a ciki kawai take da shi. Ƙanwarta ce ta bayan shekara goma ko fi, aka yi dabara aka cusa. Lambar kawai ta rage in kankare in tabbatar. Da na san abin da zai biyo baya, da na haɗiye maganata."

"Dabarar tana barin sawu?"

"Sai ka kwanta."

Mai-Sawu ya aje sanda, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar da tocila. A jikin ƙarfen da ke tallabe giyabos an yanka an ƙara wani guntu da walda. Ya sa farce ya kankara. Tsatsar da ke kan waldar kaurinta ɗaya da ta sauran jikin, ga tsohon gidan zanzaro a kanta, wani a kan wani, duk sun bushe sun zama gari. Wannan ɗinkin ya girmi 'ya'yansa.

Ya daɗe a kwance yana kallo. Tun safe yake tambayar kansa wa zai so ƙarfen nan. Ashe tambayar a karkace take. Ba son sa aka yi ba, tsoron sa aka ji.

"Wanda ke tuƙa ta zai san an canja?" ya tambaya daga ƙasa.

"Ko makaho ne. Allurar ba za ta taɓa tsayawa daidai kan harafi ba, sai tsakani. Da hannu za ka koyi wurinta."

"Malama, Alƙali yana tuƙi?" ya tambaye ta, tana tsaye a bakin ƙofa.

"Baba? Ko keke bai iya ba. Baya yake zama da jaridarsa."

Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce Sifana ya ara masa mayen ƙarfen.

* * *

Ya fara shiga gaishe da Hajiya. Tana zaune a falo an rufe labule saboda idon, da auduga manne a ɗaya. Ta ce makullinta na nan cikin gwangwanin zare inda yake kullum. Ta ce i, ita ta ce kowa ya raka ta asibiti, tsufa ne, mutum sai ya riƙa jin tsoron likita kamar yaro. Har ya kai ƙofa ta kira shi.

"Malam, ka gaya wa babban kada ya kai yaron nan ko'ina. Ƙarfe ne. In ya tafi, ya tafi."

"Sunan mutum fa, Hajiya? Shi ma in ya tafi, ya tafi?"

Yatsunta kawai ya ga suna murza bakin mayafi.

Gidan Baba Direba na bayan filin Mai-Gwangwan, ɗaki biyu da ɗan sito, Alƙali ne ya ba shi da ya yi ritaya. Mai-Sawu ya same shi kishingiɗe a tabarma an tokare masa baya da matashi, warin man zafi ya cika wurin. Kusan sa'o'in juna ne, suka gaisa a tsanake, suka taɓa hirar gwiwa da ta ido.

"Shekara nawa ka tuƙa ta?"

"Ashirin da shida. Ba wanda ya taɓa sitiyarin nan sai ni."

"An taɓa canja mata wani abu a ciki?"

"Ko noti. Yadda Alƙali ya saye ta, haka na aje ta."

Mai-Sawu ya gyaɗa kai. Bai ji daɗin amsar ba, don ya so a ce tsohon ya rage masa aiki. Ya juya ya dubi tsakar gidan. An share ta, amma sharar mai ciwon baya ce, sama-sama. Daga ƙofar gida zuwa sito ga layin taya mai faɗi ya shiga. Sai kuma wani layin da ya fito daga siton, wanda zurfinsa ya kusa ninka na farko. Taku biyar ya yi, sai ƙasa ta ƙwaƙule inda baro ya kife, daga nan kuma alamar ja ce, an ja abu da igiya an mayar ciki.

"Direba, wanda ya shiga na gane shi, tun daga lungu nake biye da shi. Wannan da ya so fita ya kasa ne ya ɗaure min kai. Ɓarawo dai ba ya kai kaya gidan da ya yi sata."

Tsohon ya rufe ido. Can ya miƙa masa makullin siton ba tare da ya dube shi ba.

Giyabos biyu ne a ciki, gefe da gefe. Ɗaya da jiƙaƙƙen mai a jikinta, ɗaya an naɗe ta da tsohon buhu ta yi baƙi ƙirin, ga murfi a haƙarƙarinta. Ya kara mayen ƙarfe a ta farko, ya faɗo. Ya kara a ta biyu, ya kama ƙam.

"So ka yi ka mayar da ta asalin kan benci kafin su dawo, Sifana ya kankare lamba ya ga daidai."

"Da ina da ƙarfin da, da ba ka zo gidan nan ba." Tsohon ya yunƙura daga kan tabarma. "Ka ce ni na sata. Ka tsaya a nan, don girman Allah."

"Da wane makulli?"

Tsohon ya kawar da kai.

"Ni aikina in faɗi inda sawu ya tsaya, kuma bai tsaya a nan ba. Ba zan faɗi abin da ban gani ba. Amma akwai mai iyali da za a karɓe wa rumfa gobe, shi kuma ɗazu na ga an miƙa masa ƙarya a faranti ya ƙi karɓa."

* * *

Bayan la'asar aka taru a garejin. Mai-Gwangwan da kansa ya turo ƙarafan biyu a amalankensa, ya ce shi ma yana so ya ga abin da ya sa aka yaga masa riga. Aka kawo wa Hajiya kujera. Baba Direba ya jingina da bango. Mai-Sawu ya sa aka rufe ƙofa, ya faɗi abin da ya gani daki-daki: ramukan hutu, tsohuwar walda, layi biyu a tsakar gida. Sannan ya ce Sifana ya buɗe baƙar giyar.

Notunan sun ci tsatsa, sai da aka sha fama. Da murfin ya fita Sifana ya haska, ya sa yatsa ya zaro wasu guntayen ƙarfe ya zuba a tafin hannu.

"Ita ce ta motar, ba ko tantama. Amma haƙoran ribas duk sun kakkarye. Wannan ba tsufa ba ne. Tana tafiya gaba da ƙarfi aka fizge ta ribas."

"Ni ne," in ji Baba Direba da sauri. "Ganganci na yi, na ji tsoron Alƙali, na samo wata na sa aka haɗa. Da na ji za a tona, na ɗauke. Ku yi min abin da za ku yi."

Babban Yaya ya miƙe. "Baba Direba! Kai da ka goya mu? Kana kallo za a ɗaure mutum?"

"Tambaya ɗaya ta rage," in ji Mai-Sawu, idonsa a ƙasa. "Ba a fasa kwaɗo ba, kuma makullin Sifana yana tare da shi a kasuwa."

Sai Hajiya ta ce, "Zauna, babban. Ni na ba shi."

Ta yi maganar ne tana fuskantar motar, ba ta dubi kowa ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ta ce, aka tura Alƙali kwas na wata uku. Ita kuma tun ranar da aka sayi motar take sha'awar tuƙi, ya hana. Da ya tafi ta matsa wa Direba, ta ce ai motar ba kuloci, a tsakar gida kawai za ta riƙa zagayawa. Kwana huɗu lafiya. A na biyar 'yarta ta fito da gudu tana bin 'yar kyanwa.

"Na nemi birki, ƙafata ta sauka a totur. Shi yana gefena, ya kama hannun giyar ya fizge har ƙasa. Na ji ƙara kamar an fasa tukunyar ƙarfe, motar ta tsaya cak. Amma taya ta riga ta hau ƙafar."

Malama ta dafa bencin.

"Da Alƙali ya dawo na ce daga bene kika faɗo. Kun san shi, sai da ya tambayi wa ke kula da ke a lokacin. Na ce mai raino. A ranar ya sallame ta, ya sa aka gaya wa gidajen layin nan kada wanda ya ɗauke ta. Tana kuka tana rantsuwa ni na aike ta kanti. Ina tsaye ina ji, ban buɗe baki ba." Ta share idon da ba a rufe ba. "Jiya da na ga an taso yaron nan, na ce ga shi zan sake. Kuma da na sake ɗin, da ba a kawo ƙarfen nan gabana ba."

Mai-Sawu ya sha ganin ƙarshen sawu, amma bai taɓa sabawa da wannan shirun ba. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Abin ya dame shi, don Malama ce ta kira shi, kuma ita ce abin ya faɗo wa.

Babban Yaya ne ya fara motsi. Ya je gaban Sifana ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce gobe da kansa zai je wurin ƙungiya, kuma zai bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya. Mai-Gwangwan ya ce in ya zo nasa filin ya taho da riga.

Sifana ya yi gyaran murya. "To wacce za a mayar?"

Babban Yaya ya dubi ƙanwarsa. Ta miƙa hannu, Sifana ya zuba mata guntayen haƙoran, ta jujjuya su.

"Wadda ta tsayar da motar. In tana gyaruwa."

"Za a sha wuya, amma tana gyaruwa."

Sannan ta juya ga mahaifiyarta. "Ƙafar ba komai, Hajiya, na daɗe da sabawa da ita. Amma shekara arba'in ina jin haushin matar da ko fuskarta ban tuna ba. Wannan sai kin ba ni lokaci." Ta dubi Mai-Sawu. "Baba, sawun da ya yi shekara arba'in, yana biyuwa?"

"In mai shi ya taka a cikin mutane, yana biyuwa."

* * *

Sati biyar Mai-Sawu ya yi yana bin sawun mai rainon. Daga wata tsohuwa mai wanki zuwa wani tela, daga telan zuwa tashar mota, daga nan zuwa wani ƙaramin gari mai tafiyar awa uku. Ya same ta da ranta, a gidan ɗanta mai gyaran rediyo, ta tsufa, tana sayar da sabulu a ƙofar gida. Shi kuwa Sifana sai da ya sa aka fiƙe masa sababbin haƙoran giyar a wurin masu injin yankan ƙarfe, aka lalata biyu kafin na uku ya zauna.

Gidan tarihi suka aiko suna tambaya, Malama ta ce su ƙara haƙuri, motar na da aike ɗaya.

Sifana ne ya tuƙa, Baba Direba a gefensa yana ta yi masa gyara kamar yau ya fara. Da suka isa Hajiya ta ce kowa ya tsaya a waje. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ta shiga ita kaɗai. Suka zauna a inuwar motar, yaran unguwa suka kewaye ta suna leƙen fuskokinsu a jikin fenti. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Ba wanda ya ji abin da aka faɗa a ciki, Mai-Sawu kuma bai taɓa tambaya ba.

Can suka fito tare, ba mai riƙe da hannun wani, idanun kowacce a kumbure. Tsohuwar ta tsaya a bakin zaure tana duban baƙin ɗaya bayan ɗaya. Malama ta miƙe ta nufo ta, tana jan ƙafar a cikin ƙura. Matar ba ta dubi fuskarta ba. Ƙafar take kallo, taku bayan taku, har ta iso gabanta.

"Ranar da na bar gidanku kina kwance, an ɗaure ki har cinya," ta ce. "Kullum sai na tambayi Allah." Ta kama ta ta rungume. "Ashe kin taka, 'yar nan. Ashe kin taka."